Ranakun da Na Bari Fayau a Takardar Kifi

Malam Ɗanladi, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Ka yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya.

Ni ɗan Surko ne, ta ƙasar Birnin Kudu. Bana da faɗuwar damina kawuna ya samo mini aiki a ofishin masu kula da kifi, aka turo ni bakin kogi nan Gwaram. Ban san kowa ba, ban ma taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Aikin shi ne, kullum da safe in masunta sun ɗaga gura, wato kwandon nan da suke dasawa jikin shinge kifi ya shiga ya kasa fita, sai in ɗora abin da suka kama a sikeli in rubuta. Kowace rana da gidanta a takardar. Maigidana a ofis, Malam Dabo, shi ya kawo ni a babur ɗinsa, ya nuna mini sikelin sau ɗaya, ya ce abin da idona ya gani kawai zan rubuta. Na riƙe maganar nan hannu biyu.

Baba Salihu, babban masuntan wurin, shi ya ba ni ɗaki a gidansa. Da farko mutanensa ba su yarda da ni ba, suka ce gwamnati ba ta ƙirga abu don Allah. Shi ya tsaya mini, ya ce ya ga fuskata, ba zan cuce su ba. Kwano ɗaya muke ci. Shi ya koya mini bambanta tarwaɗa da ƙurungu, ana ta yi mini dariya wai malamin kifi bai san kifi ba.

To, a kwana casa'in ɗin da na yi, akwai ranakun da ban rubuta komai ba. Ran Juma'a ba sa ɗaga gura, wanka suke yi su tafi masallaci cikin gari, sai Asabar a ɗaga, ka ga kifi tuli. Juma'a goma sha biyu ke nan. Sannan cikin Agusta ruwa ya zo da ƙarfi ya kwashe shingen gaba ɗaya, aka yi kwana tara ana saro itace ana sake kafawa, ko na miya ba a samu ba. Sai kwana shida da na tafi gida innata ba lafiya, shi ma da izinin Malam Dabo na tafi. Duk waɗannan na bar gidajensu fayau. Ban ga kifi ba, me zan rubuta?

Makon jiya aka zo da takarda daga Kano a motar Landiroba, aka karanta a ƙofar gidan dagaci. Wai lissafi ya nuna shingen su Baba Salihu yana kama kifin da ya fi ƙarfin kogin, don haka baɗi gurarsu talatin za a mayar da ita goma sha biyu. Aka faɗi sunana, wai ni na ƙirga. Na roƙa aka nuna mini takardar ƙirgan da na yi. Malam, babu gida ɗaya da ba lamba! Har ranakun da ruwa ya cinye shingen an sa musu kilo arba'in arba'in da wani abu. Da jan biro, ba hannuna ba ne.

Na hau motar kasuwa na je na sami Malam Dabo a Birnin Kudu. Bai ma musa ba. Ya ce haka ake yi ko'ina, sunan abin ƙiyasi, ana haɗa ranar da ta gabata da wadda ta biyo, a raba biyu, a cike gurbin. Ya ce in ban gane ba in yi shiru in koma bakin aikina, ga masu sakandare nan suna neman wurin. Mutumin da ya ce in rubuta abin da idona ya gani fa!

Baba Salihu bai kore ni ba, kuma wannan ya fi ci mini rai. Abinci yanzu sai dai a ajiye mini a bakin ƙofa. In na doso bakin ruwa sai hira ta mutu. Gida goma sha huɗu ke ci daga shingen nan. Ran goma ga watan gobe za a sa hannu a takardar. In ajiye aikin in gudu gida ne? Ko in tara mutane in ce Malam Dabo maƙaryaci ne? Wallahi ban ƙara musu ko kifi ɗaya ba.

Naka cikin damuwa,
Mai ƙirgan kifi, Gwaram

Wa'alaikumus salam, ɗana. Na yarda ba ka ƙara ba. Amma kada ka gudu, kada kuma ka kira shi maƙaryaci a bainar jama'a. Abin da na gani a wasiƙarka kuskure ne, kuma kai ma da hannunka a ciki.

Ƙiyasi ba ha'inci ba ne. Kwana shidan da ka tafi jinya, an ɗaga gura, an kama kifi, kai ne ba ka nan. Da an bar su haka, da lissafin ya gaza gaskiya. A duba ranakun da ke kusa a cike su daidai ne, jan biron ma don a san ba awo ba ne.

Sai dai ranar da ba ka gani ba daban take da ranar da ka ga babu. Kwana taran da ruwa ya ci shinge kana tsaye a wurin, ka ga babu, kuma sifiri ake rubuta mata. Da ka bar gidan fayau, na ofis ya ɗauka ba ka je ba ne. Ta Juma'a ta fi muni: kifin Juma'a yana cikin gura har Asabar, ka riga ka auna shi. An ƙirga shi sau biyu ke nan, kuma da Asabar mai nauyin kwana biyu aka yi ƙiyasin. Kwana ashirin da ɗaya aka ɗora wa mutanen nan na kifin da ba su kama ba.

Malam Dabo bai kyauta ba. Bai koya maka wannan ba, ya ga gurbi ashirin da bakwai bai tambaya ba, da ka zo kuma ya tsorata ka da kora. Amma ban ga inda ka ce ka gaya masa dalilin kowane gurbi ba. Mai yiwuwa har yau bai san masuntan nan ba sa ɗaga gura ran Juma'a ba.

Ka fara da Baba Salihu, yau ɗin nan. Ka durƙusa ka faɗa masa inda ka yi kuskure, ba tare da ka jingina wa kowa ba. Ka roƙe shi ya kira dattawa biyu, ku ɗauki kalanda ku bi ranakun ɗai-ɗai: wannan Juma'a ce, wannan ta ambaliya, wannan ta jinya. Dagaci ya shaida. Sannan ka kai wa Malam Dabo, ku biyu kawai, ka ce gyaran kuskurenka ka kawo. Mutum ya fi saurin gyara abu in ba a tsinka shi a gaban jama'a ba. In ya ƙi, ka sanar da shi cikin ladabi cewa za ka aika kwafi ga na gaba da shi a Kano, kuma ka aika kafin ran goma.

Ba zan ɓoye maka ba, kana iya rasa aikin. Kuma ko an gyara, mai yiwuwa a rage gurar kaɗan, don kogi ma yana da iyakar abin da zai iya bayarwa. Amma in za a rage, a rage a kan abin da suka kama. Lokaci ya ƙure, ka tashi. Allah ya ba innarka lafiya, ya fitar da kai kunyar mutanen da suka riƙe ka.

Malam Ɗanladi