Ƙwayar Tsakar Rana

Kantin Kwari, Kano.
21 ga Oktoba, 2004.

Zuwa ga Yaya Sauda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ibada, ya ƙafar taki, ya Malam da yara? Mu nan lafiya lau, sai ciniki da ya kwanta. Na zaɓi takarda saboda wayar garinku a rumfar mai shayi take, kafin ki ajiye ta rabin Ringim sun ji labari.

Maganar ɗanki Hamisu ce, amma kada gabanki ya faɗi, lafiyarsa ƙalau, kuma har yau sunansa na cikin sojojin da za a tura Sudan bayan sallah.

Kin san an saka ni a wani kwamiti. Likitocin soja sun kama wani tsohon gida a Nassarawa GRA suna gwajin sabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a kan sojojin da za su tafi. Kuɗin na wasu Turawa ne, kuma tun rigimar allurar shan inna suka ce ba za su saki kwabo ba sai an zaunar da mutumin gari, wanda ba soja ba, ba likita ba, ya riƙa sa ido. Shugaban wurin, Kanar Mamman, matarsa a shagona take ɗaukar leshi. Kin ji yadda na zama idon jama'a.

To, masu kuɗin sun tsara a sha ƙwayar da tsakar rana tare da abinci mai maiƙo, ba wanda ya duba kalanda ya ga azumi. Yaran nan lafiyarsu lau, ba su da uzurin ajiye azumi. Na ce a mayar da ita bayan shan ruwa. Kanar, wanda shi ma bakinsa a bushe yake, ya ce canza lokaci sai an rubuta ƙasar waje, amsa sai ta yi watanni, kuɗin kuwa da ƙarewar Disamba za su koma inda suka fito.

Kin san abin da yaran ke yi? Su karɓi ƙwaya, su ƙame, su kai hannu baki, ƙwaya ta wuce cikin hula sai magariba. Shinkafar da ake ba su tare da ƙwayar kuma su tura wa 'yan uwansu Kirista, waɗanda yanzu bel ke neman yi musu kaɗan. Kowa ya sani, kowa yana kallon silin.

Hamisu ne abin ya dama. Ya zo gidana ya ce shi ba zai yi ƙarya da azumi a bakinsa ba. Na ce masa kada ya damu, dokar gwajin ta ce duk wanda ba ya so yana da ikon cewa a'a, ba abin da za a yi masa, ni da kaina na sa hannu a kai. Gobe zai faɗa.

A gaida kowa da kowa.

Ƙaninki,
Ja'afaru.

Kano.
2 ga Nuwamba, 2004.

Yaya Sauda,

Sallama da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ya goman ƙarshe da ke tafe? Na ga yajin da kika aiko, Allah ya saka.

Raina a ɓace nake rubutun nan. Hamisu ya ce a'a, cikin ladabi, a gaban layi. Ba wanda ya daka masa tsawa. Kwana kaɗan sai ga sunansa ya fita daga masu tafiya, an mai da shi gadin ƙofar gidan gwajin.

Na je ofishin Kanar da zafina. Ya tarbe ni da Alhaji sannu, Alhaji ya kasuwa, ya ce wane irin hukunci? Gadi aikin soja ne, kuma zaɓen masu tafiya ba a hannun likita yake ba, na bariki ne. Na je bariki, suka ce su takardar lafiya suke bi, wanda likita bai cika wa ba ba ya hawa jirgi. Na yi shekaru ina yi wa mutane irin wannan wasan, in ce yadin ba nawa ba ne, na maigida ne, alhali ni ne maigidan. Ban san haka yake da ciwo ba.

A zaman kwamiti na tayar da maganar. Shugabanmu, wani farfesa mai gyangyaɗi, ya ce mu hurumin magani aka ba mu, ba hurumin fareti ba. Wani manjo kuma ya tambaya, yana murmushi, ko gaskiya ne yaron ɗan yayata ne, don in haka ne bai kamata ma in zauna ana maganarsa ba. Suka fitar da ni baranda kamar ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba. Ina nan tsaye a ƙarƙashin maɗaci ina hango ɗanki yana ɗaga wa motoci ƙarfe.

Na san abin da tafiyar nan take nufi a wurinsa, igiya ta biyu a hannun kakinsa da kuɗin aurensa da Rahma. Amma kada ki ce wa iyayenta komai tukuna, akwai sauran dabara. Masu kuɗin za su turo mai bincikensu, wata Dakta Joan 'yar Zariya. Kanar ya kira ni gefe ya ce matar ta riga ta yi ƙorafi, wai gwajin da kowa ya ce e, ba ko mutum ɗaya da ya ƙi, alama ce ta tilas. Ashe yanzu Hamisu ne kayan da babu irinsa a kasuwa. Na ce zan kawo shi gabanta da fara'arsa, in za a mayar da sunansa. Kanar ya dafa ƙirji ya ce ya ɗauki alkawari.

Ki taya mu da addu'a.

Naki,
Ja'afaru.

Kano.
29 ga Nuwamba, 2004.

Zuwa ga Yayata Sauda,

Assalamu alaikum. An yi sallah lafiya? Allah ya maimaita mana. Ki yi haƙuri ban zo ba, ban san da wace fuska zan shigo gidanki ba.

Dakta Joan ta zo. Mace ce mai ido, Hausarta ta fi tawa tsafta. Ranar an cire Hamisu daga ƙofa, an goge masa kaki, aka zaunar da shi a kujera mai laushi. Ta tambaye shi ko wani ya takura masa don ya ƙi. Ya kalle ni, na gyaɗa kai, ya ce babu. Ta juyo gare ni, a matsayina na idon jama'a, ko ina da abin cewa. Yaya, maganar ta zo har bakina. Amma in na faɗi zancen hula, yara da yawa za su shiga uku kan ƙin bin umarni, in na faɗi zancen gadi, alkawarin Kanar ya tashi. Na ce komai lafiya.

Ta yi murna ƙwarai. Ta rubuta cewa a wannan wuri soja yana da bakin cewa a'a, ga shaida ta gani da idonta. An sabunta musu kuɗi har shekara biyu.

Jirgi ya tashi ran Asabar, babu Hamisu. Kanar ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa, daga sama aka rufe sunaye. Ni da ko ɗankwali ba na saki sai na ji nauyin kuɗi a hannuna, na saki ɗanki a kan dafa ƙirji.

Na so in ajiye kujerar kwamitin. Sai na lura telan Kanar ya fara zuwa gidan gwajin da babbar riga, na gane ko na tashi kujerar ba za ta huce ba. Gara in zauna ina ba su ciwon kai.

Saura ki ji na jiya. Za a fara sabon rukuni bayan babbar sallah, kuma tun da ƙin ya yi wa masu kuɗi daɗi, an ga ya kamata a sake samun wanda zai ƙi. Kanar ya sa aka kira Hamisu, a gabana, ya ce za a saka shi a cikin rukunin, ranar da aka miƙo masa ƙwaya ya ce a'a kamar wancan karon, da murya sosai yadda kowa zai ji. Ya ce wannan umarni ne. Ɗanki ya ƙame, ya sara masa, ya ce an gama, ranka ya daɗe.

Ki je gidan su Rahma da kanki, ki ba su haƙuri su ƙara jira. In sun tambayi zuwa yaushe, kada ki sa musu rana, kuma kada ki ce ni na ce.

Ina gaida Malam. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Ja'afaru.