Ƙofar Birnin Gungu

Zongo, Kwatano
Mayu 1991

Zuwa ga Kawu Abdulƙahar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen Maraɗi. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya mai da layinmu tafki. Inna Assibi tana gaishe ka. Ta ce in tambayi ɗanta ko har yanzu a tsaye yake cin abinci.

Kawu, na jefa kaina cikin rami. Tun da aka saki bakin 'yan jarida, wata ƙaramar jarida take buga labarina kowane mako. Na ba Laouali direba babi huɗu ya kawo maka. Labarin Birnin Gungu ne, wanda wata tsohuwar bokanya ta kafe da tsari uku. Ruwan da ya kewaye garin yana haɗiye duk kwalekwalen da ya ɗauko makami ko wani abu na ƙarfe. Ƙudan zuman da ke mashaya suna harbin duk wanda ya yi ƙarya. Ƙofar gari kuma aljanu biyu ke gadinta, duk wanda ya yi damina guda a waje sai su mai da masa ita dutse.

Jarumina Wada, azzalumin sarki ne ya kore shi. Yanzu sarkin ya faɗi, bokanyar ta mutu, ba wanda ya san makarin tsarin. Na gina ƙofar da ƙarfi har na rasa ta inda zan shigo da shi. Kai ka koya mini tatsuniya, kai za ka fitar da ni.

Na ga sunanka a takardar gwamnati, cikin malaman lekwal, wato na boko, da suka gudu aka ce su dawo bakin aikinsu. Ban ce komai ba, na dai gani.

'Yarka,
Labiba

*

Maraɗi
Yuni 1991

Labibatu,

Na amsa gaisuwa. Ki faɗa wa Inna na sayi kujera.

Na karanta sau biyu, na biyun da jan biro. Tsarin ruwa shi ya fi kyau a ido, shi ya fi rauni. Ya hana ƙarfe, ya bar gora da kibiya mai kan ƙashi. Mayaƙi mai hankali zai bar takobi a gida ya ƙetare da kulki. Sannan ban gane da me masuntanki suke kama kifi ba, tun da ƙugiya ƙarfe ce.

Zuman ya ba ni dariya. Kin girma kusa da kasuwar Dantokpa, kin kuma san yadda ake rantsuwa a kan farashin atamfa. Garin fatake da irin wannan zuma ba zai ga kasuwa biyu ba, kowa ya kumbura. Ban da haka, zuma ba ya harbin wanda ya yi shiru, maƙiyi na gaske kuwa ba ya surutu.

Ƙofar ce aikin gaske. Ba ta sayuwa, ba ta barci. Aibinta ɗaya: ba ta bambanta wanda ya fita don cin amana da wanda aka kora. Amma kin bar mata ɓaraka da hannunki. A babi na biyu kin rubuta cewa aljanun suna juya fuska bango idan an zo wucewa da makara, don girmama mamaci. Maƙabarta tana bayan gari. Kin san kuma yadda ake ɗaukar makara: kowa yana sa kafaɗa, wannan ya karɓi wancan, ba a tambayar mutum sunansa ko unguwarsa. Wada ya jira ranar da za a fito da gawa, ya bi jana'iza, in an juyo da makarar ya sa kafaɗarsa ya shige. Ba tsafi, ba faɗa.

Batun suna a takarda, na ji a rediyo. Waɗanda suka kulle ni bayan yajin aiki ba su bar ƙasar ba, riga suka canza. Zan ƙara dubawa tukuna.

Allah ya yi miki albarka.
Kawunki

*

Zongo
Yuli 1991

Kawu,

Ina gaisuwa. Na gyara ƙugiya, ta koma ta ƙaya. Zuman kuma na hana shi shiga kasuwa, masu atamfa sun tsira.

Dabarar makara ta yi. Na yi tsalle da na karanta, har na zauna na rubuta babin. Sai na karanta wa Inna, don ita ce mai saurarona na farko tun da idonta ya yi rauni. Ta saurara har na kai ƙarshe, sannan ta ce, "To, gawar wa zai bi?"

Na ce ban sa mata suna ba, wata tsohuwa ce kawai. Ta ce, "Labiba, yaron nan yana da uwa a garin ko ba shi da ita?" Na ce yana da ita. Ta ce, "Ai shi ke nan. Wanda ya ba ki dabarar nan ya san abin da yake jira."

Ban faɗa mata kai ne ba, Kawu. Ba sai na faɗa ba.

Ba zan tsorata ka da ƙarya ba. Tana ci, tana salla a zaune, tana faɗa da mai kifi. Amma ƙafafunta sun kumbura, likita ya hana ta gishiri, kuma ta rabar da zannuwanta masu kyau. Malam Adamou da kuka gudu tare ya dawo tun azumi. Kullum yana wucewa a zemijan, babur ɗin haya, da jakar littattafai, ba wanda ya ko kalle shi, har abin yana ba shi haushi.

Ni ba zan buga babin nan ba. Ka ce ƙofar ba ta bambanta korarre da maci amana. Wannan aibin nata ne, ita ya kamata a gyara. Amma ban san abin da Wada zai yi ba in ya zo ya tarar da ita a buɗe. Kai ka san shi fiye da ni.

Ka huta lafiya.
Labiba

*

Maraɗi
Yuli 1991

Labibatu,

Na amsa. Ki yaga babin, shawarar banza na ba ki.

Wada zai ji tsoro, kada ki ɓoye wannan. Ki sa shi ya zo da rana tsaka, ya tsaya a bakin ƙofa, ya faɗi sunansa da na uwarsa da ƙarfi.

Laouali zai taso da lodin albasa ranar Talata, ya ba ni gidan gaba. Kada ki tara mini jama'a. Ki faɗa wa Inna kawai, kuma ki ce mata abincin da ba gishirin nan, a dafa na mutum biyu.

Sai na iso, in Allah ya so.
Kawunki Abdulƙahar