Sunanka a Lasifikar Lambata

Assalamu alaikum ƙanena Haruna,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma, saƙona sai ya tsufa a wayarka kafin ka buɗe, to ban yi asarar komai ba.

Bari in fara da yabon mutanen jami'arku, Allah Ya saka musu. Sun zo mana gida a unguwar Magajiya da manyan riguna, suka cika zaure da ƙamshin turare. Babbansu ya yi mana bayani cewa a wajensu darajar malami ita ce yawan ambaton rubutunsa da wasu malamai ke yi a cikin nasu, har akwai inda ake ƙirgawa a intanet. Wai naka, na hawan jinin 'yan kasuwa, har a ƙasashen da ba ka taɓa takawa ba ana jawo shi. Masha Allah, sana'a ke nan, mutum ya rasu kasuwarsa na ci. Sai dai ba wanda ya tambayi inda aka yi awon. Ka tuna, a rumfata ne, ni ke riƙe matan kasuwa da surutu kana ɗaura musu abin awon jini a dantse.

To, ga wani ambaton da ba su da labarinsa. Makon jiya na je Lambata kai ankon biki. A bakin titi ga wata tsohuwar mota, lasifika a kanta, kwalabe jere a bayanta. Sai na ji sunanka. Wai Farfesa Haruna na Suleja, likitan iyali, ya yi bincike ya tabbatar ƙwayar asibiti ba ta warkar da hawan jini, don haka a zo a sayi jiƙo. Haruna, ka faɗa, da kunnena na ji. Amma ai ka ƙarasa: ba ta warkarwa, riƙe shi take yi, kada a daina sha ko an ji sauƙi. Mai jiƙon ya tsaga maganarka kamar yadi, ya ɗauki rabin da zai yi masa riga.

Dariya na so yi, sai na tuna Iya Basira, mai man ja ta kusa da rumfata, wadda ke kiranka ɗanta. Kwanakin nan kullum kukan jiri da ciwon ƙeya, ga irin kwalbar nan a ƙarƙashin teburinta. Ashe ta ajiye ƙwayoyinta. Da sunan wani aka kira, wallahi ba za ta saurara ba.

Na gyara mayafi na matsa kamar mai saye. Na taya, na yaba, na tambaye shi ko ya san Farfesan. Ya rantse a kwano ɗaya kuke ci, jiya ma kun yi waya. Na bari mutane suka taru, sannan na ɗaga murya na roƙe shi lambar, don ni da na goye ka, na kuma ga an fita da gawarka, har yau ban samu layin ba. Direbobi da masu doya suka yi masa ca. Ya kashe lasifika, ya kwashe kwalabe. Na san zai buɗe a wani gari, ban yaudari kaina ba.

Iya Basira ta fi shi wuya. Na kira ɗalibarka Dakta Maryam, ta zo da abin awo. Da ta ga abin da ya nuna, fuskarta ta canja. Duk da haka Iya ta kafe wai ɗanta ba ya ƙarya. Sai da na maimaita mata maganarka cikakkiya, har da yadda kake buga yatsa a gwiwa in kana yi mana faɗa. Ta yi kuka, ta tuttular da jiƙon a kwata. Yanzu kowace safiya a gabana take haɗiye ƙwayar, tana hararata. Maryam ta ce za ta riƙa zuwa kasuwar, ta ɗora daga inda ka tsaya.

Na sha yi maka tsiya, likitan mura, me ya hana ka zama mai tiyata ka gina asibiti a Abuja kamar 'ya'yan mutane? Sai dai ka yi dariya. Ban taɓa gaya maka ba, amma duk wadda ta shigo rumfata sai ta san ni ce yayarka kafin ta ji kuɗin atamfa. Ni 'yar kasuwa ce, na san ba a yi wa kayan da ba ya tafiya jabu. Ranar nan a Lambata raina ya ɓaci, amma kaina ya kumbura.

Matarka da yara suna lafiya. Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu a Aljanna.

Yayarka,
Talatu mai atamfa

Af, na manta. Mai lasifikar nan safe da yamma yake ambatonka, ya fi duk malaman duniya ƙwazo. Shi ma a kai wa jami'a su saka a lissafi, ko sai mai babbar riga ake ƙirgawa?