Ni da Tsanko a Ɗaki Ɗaya

Asibitin lardi, Janairu

Zuwa ga matata Velika,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da awaki da gwiwar nan taki. Tunda ƙanƙara ta rufe hanya, kuma kunnenki da waya ba sa shiri, ga takarda. Na gode Allah hannun dama yana aiki. Hagun ne ya kwanta kamar na aro.

Kin san nan aka kawo maƙwabcinmu Tsanko. Abin da ba ki sani ba, gadonsa na manne da nawa. Mutumin da tun rigimar itacen tuffa ban ce masa sannu ba, yanzu da minsharinsa nake kwana. Shi damansa ce ta shanye, ta tafi da maganarsa, ta bar masa kalma ɗaya tak: "Jaki." Ita yake faɗa wa mai jinya, ita ya faɗa wa fadan coci da ya zo yi mana addu'a. Ni kaɗai ne idan ya faɗa mini nake jin da gaske yake.

Likitarmu, Dakta Neshkova, ta ce toshewar jijiya ta wuce, yanzu sojojin jikinmu ne matsala. Sun ruga cikin ƙwaƙwalwa su kwashe abin da ya mutu, sai suka haɗa har da mai rai, wurin ya kumbura. Ana gwada wani sabon magani mai kwantar musu da hankali, kuma ni da Tsanko muna ciki. Wasu magani ake ɗura musu, wasu ruwan gishiri, ita kanta ba ta san na wa ne gaskiya ba. Na ce, "Likita, ba sai kin wahala ba, dubi fuskarsa. Nasa ruwan gishiri ne." Ta ce, "Baba Gergin, ci abincinka."

Abincin kuwa rabin faranti suke ba ni. Ina zargin Tsanko.

Mijinki,
Gergin

Fabrairu

Velika tawa,

Ina gaishe ki. Yaya sanyi, yaya itacen hura wuta?

Kwanakin baya na tayar da rigima kan abinci, har na kira Tsanko ɓarawo a gaban mutane. Ya dube ni, ya miƙo hannunsa mai lafiya ya juya farantina. Velika, sai ga nama da dankali. Likita ta ce idona lafiya lau, ƙwaƙwalwata ce ta daina kula da duk abin da ke hagu. Ashe rabin gemu ma nake askewa, ba wanda ya gaya mini.

Yanzu kullum shi ke juya mini faranti, ni kuma nake yi masa tafinta, don jakin nasa iri-iri ne. Akwai na ruwa, akwai na bayan gida, akwai na a rufe taga. Lemo kuwa shi ya riƙe, ni in ɓare. Kada ki ɗauka mun shirya. Yatsana na hagu ya motsa jiya, nasa ko gezau, na kuma tabbatar ya gani.

Naki,
Gergin

Maris

Velika,

Da fatan kina lafiya. Ki yi haƙuri da shiruna, na kasa rubutu ne.

Zazzaɓi ya kama Tsanko, ciwo ya sauka a huhunsa, suka gungura shi ɗakin masu ciwo mai tsanani. Likita ta ce haka yake faruwa: sojojin sun cika ƙwaƙwalwa, a sauran jiki kuma sun yi sanyi. Na ce mata, "Idan nawa ne na gaskiyar, a cire a ba shi." Ta ce ba haka ake yi ba, kuma an riga an gama ɗurawa. Gadonsa a damana yake, saboda haka ba yadda zan yi in daina ganinsa wayam. Na yi masa addu'a, amma kada ki faɗa a ƙauye.

Ran Talata suka dawo da shi, ya rame kamar sanda. Aka kawo miyar wake. Ya kurɓa, ya ɓata fuska, bakinsa ya yi ta rawa, sai ya ce, "Ta Velika ta fi."

Mai jinya ta ruga kiran likita, likita ta rungume shi. Ni kuwa na ajiye cokali na ce, "A ina ka san miyar matata?" Ya ce, "Katanga." Na ce, "Tun yaushe?" Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin ya ce, "Tun Donka." Tun rasuwar matarsa ke nan, Velika. Ni ina ta gaba da mutum, ke kina miƙa masa wakena ta kan katanga.

Za mu yi wannan maganar idan na dawo. Za a sallame mu ƙarshen wata, kuma likita ta ce Tsanko ba zai iya zama shi kaɗai ba, sai dai gidan tsofaffi a birni. Na ce mata yana da wurin zuwa. Ki share ɗakin ƙasa, ki sa masa gado kusa da murhu. Gara ya ci a teburina ina ganin adadin da yake ci.

Mijinki har yanzu,
Gergin