Mijina Ya Kai Mu Nguru Kallon Tsatsa

Zuwa ga Hajja Gaji,

Assalamu alaikum. Hajja, don Allah ki taimake ni da shawara, don yanzu a gidana ni ce mai laifi, har 'yar shekara shida hararata take yi. Ni matar aure ce a Gashua, shekarata goma sha biyu da aure, 'ya'ya uku: Shuhada mai shekara goma, Wasila mai shida, da na goye. Maigidana gyaran injin ban ruwa yake yi. Ba ya duka, ba ya zagi, ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada ki ce ban san alheri ba. Ciwonsa ɗaya ne: Allah ya jarrabe shi da son fita da iyali, irin fitar da aljihunsa ba ya ma sanin an yi ta.

Duk Asabar bayan La'asar sai ya ce a shirya za a fita shan iska. Ranar farko gada ya kai mu. Muka jeru muna kallon ruwa yana wucewa kamar mun ba shi saƙo. Ruwan nan, Hajja, shi ne dai wanda nake gani tun ina yarinya, bai sake hanya ba, amma sai da aka yi mana lacca a kan inda ya fito da inda za shi. Mako na gaba sai wajen masu banda, mu ga yadda ake jera kifi a kwali. Kwana uku mayafina yana tara mini kyanwoyin unguwa. Mun je kallon maƙera. Mun je kallon yadda ake loda albasa a tirela, kamar za a ba mu kamasho. Ga shi mutum ne da ya gyara wa rabin garin inji, taku goma sai an tsaya gaisuwa, a tambayi gona, a tambayi ruwa, a tambayi lafiyar injin, ni kuwa ina tsaye da goyo a baya, kular dambu a hannu, wanda ni na dafa tun rana. Shi ne shan iskan.

Ƙanwata Sadiya tana aure a Kano. Duk ƙarshen mako sai na ga hotunan yaranta a waya, yau suna kan lilo mai lantarki, gobe suna lasar askirim a wurin da ake zama a kujera wani ya kawo maka abinci. Ba hassada nake yi ba, Allah ya sani. Ko dai 'yar kaɗan. Da ta tambaye ni ina muke kai namu, sai na ce mata muna da wuraren shaƙatawa a bakin kogi. Ban yi ƙarya ba ai.

Da aka yi hutun makaranta sai ya ce wannan karon Nguru za mu, a yi babban shiri. Mako biyu yana ta maganar tafiyar. Na sa lalle, na fito da leshin da nake ajiyewa don biki, na sa takalmi mai tsini, na gaya wa maƙwabta za mu yi tafiya. Muka shiga mota, muka sauka, muka hau keke, ina ta leƙen inda za a tsaya. Hajja, tashar jirgin ƙasa ya kai mu. Jirgi kuwa ranar ko ƙararsa ba mu ji ba, sai awaki kwance a inuwa suna kallon leshina. Ya ja mu a ƙafa cikin tsakuwa har inda layin dogo ya ƙare, yana nuna wa yara inda mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya yi dakon buhunan gyaɗa da fatu tun yana saurayi.

A gindin wata bishiya akwai wani tsoho, Baba Abbo, wanda suka yi dakon tare da surukin nawa. Ashe an sanar da shi zuwanmu, har ya shimfiɗa tabarma ya ajiye wa yara dabino. Ni ban san da wannan ba, don ba a ga dama an gaya mini ba. Abin da na sani shi ne rana ta dafa ni, takalmi ya sale mini dunduniya, yaro yana tsala ihu a bayana. Sai bakina ya kuɓuce, a gaban tsohon da yaran na ce: “'Ya'yan mutane suna can suna hawa lilo, mu an kwaso mu tun daga Gashua kallon tsatsa.”

Maigidan dai ya ce wa yara su yi wa Baba sallama. Tsohon ya juye dabinon a leda ya miƙa wa Wasila yana sa mana albarka, har da ni. Muka dawo gida ba wanda ya yi tari a mota.

Yau Asabar biyar ke nan ba a fita ba. Yana dawowa daga aiki ya yi wanka ya tafi majalisa, kamar sauran mazan unguwa. Da ma abin da nake nema ke nan, ko? To ga shi na samu, kuma gidan ya ƙi yi mini daɗi. Wasila ta jera takalma a tsakar gida tana jan su wai jirgin kakanta ne. Shuhada kuwa da aka koma makaranta aka ce su rubuta labarin hutu, sai ta rubuta komai, dakon kakanta, dabinon Baba Abbo, har da maganata kalma bayan kalma. Malamarsu ta ce ya fi na kowa kyau, ta sa ta karanta a gaban aji. Malamar nan layinmu ɗaya. Shekaranjiya a gidan suna wata ta tambaye ni, fuska a sake, ko tsatsar Nguru ta fi ta Gashua kyau.

Hajja, ni ban ƙi mahaifinsa ba. Ni dai so nake sau ɗaya a rayuwata a fita da ni in zauna, wani ya kawo mini abin da ban dafa ba. A gidanmu ba a taɓa kai mu ko'ina ba, na ɗauka 'ya'yana za su ga abin da ban gani ba. Shin laifi ne? Kuma yaya zan yi da mutumin da fushinsa shiru ne?

Wadda ta gaji da tsayuwa a rana,
Gashua.

Amsar Hajja Gaji

Wa'alaikumus salam, 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na farko na yi dariya, na biyu na ji tausayin ku duka biyun.

Bari in fara yi miki jaje. Lallai an zalunce ki: Allah ya haɗa ki da mijin da yake rufe shago ranar Asabar don ya riƙe hannun 'ya'yansa ya zaga gari da su. Akwatina cike yake da wasiƙun matan da mazansu ba su san ajin da 'ya'yansu suke ba. Idan kin gaji da naki, ki yi magana, layi zai kai bakin gada.

Amma shi ma ba zan wanke shi ba. Mutumin da zai iya yin bayanin kogi na awa guda bai iya buɗe baki ya ce wa matarsa wajen abokin babansa za a je ba? Da ya faɗa, da kin sa silifa, kin tafi da ɗan abin gaisuwa, da duk wannan bai faru ba. Kuma fitar da mutum ɗaya ke zaɓen wuri, ɗayan kuma ya yi girki da goyo da dakon kula, hutun mutum ɗaya ne. Abin da kike so ba almubazzaranci ba ne. Haƙƙinki ne ki huta.

Sai dai abin da kika kira tsatsa shi ne abin da ya rage masa na ubansa, ya kuma ɗauko 'ya'yansa takanas don ya nuna musu. A gaban mutane kika faɗa, don haka haƙurin ma ba a ɓoye zai tsaya ba. Ki fara ba shi haƙuri ku biyu, kada ki haɗa da “amma” ko da guda ɗaya. Sannan ki bari yaran su ji kin ce kin yi kuskure. Ba zai rage miki girma ba. Ranar da kuka samu hali ku koma wajen Baba Abbo da goro da turare. Tsofaffi irinsa ba sa jiran mutum ya gama shiri.

Bayan an huce, ba ranar ba, ki kawo naki sharaɗin. Mako ɗaya shi ya zaɓi wuri, mako ɗaya ke, wani lokaci a bar yara su zaɓa. A faɗi inda za a je tun da safe. A tafi da tabarma, a nemi inuwa, gaisuwar hanya kuma a taƙaita ta, injinan garin ba za su yi fushi ba. Ranar fita ba kya ɗora tukunya. Tsire ko soyayyen kifi da zoɓo mai sanyi ba za su karya mai sana'a ba, kuma shi zai tashi ya kawo miki har inda kike zaune.

Wuraren zuwa kuwa ba su ƙare ba a cikin gari. Akwai wasan ƙwallon makarantu da yamma, akwai musabaƙar karatun Alƙur'ani idan an shirya, akwai masu saƙar tabarma da faifai da masu ɗinkin hula, waɗanda yarinya kamar Shuhada za ta so ta gwada da hannunta. Ranar kasuwa ki ba kowace yarinya ɗan canji ta yi cinikinta da kanta, ku tsaya gefe ku sha dariya. Idan yana ganin zai iya, ku sa ranar Kano sau ɗaya, ko a shekara ne, a hau lilon a huta. Hotunan Sadiya kuma ki rage kallo. Ba wanda yake ɗaukar hoton lokacin da yaro ya yi amai a kan lilo.

Masu tsokana a gidan suna, ki riga su dariya, za su gaji. Shuhada kuma kada ki yi mata faɗa. Yarinyar da take kallo da saurare har ta rubuta abin da ya fi na kowa, ki tambayi kanki wa ya koya mata tsayawa ta duba abu.

Kada ki ja lokaci. Nan da shekara biyu ko uku babbar za ta fara jin kunyar tafiya a titi da babanta, majalisa kuma idan ta saba da mutum ba ta sakinsa da sauƙi. Ki yi maganar nan yau, bayan ya ci abinci. Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya muku zuri'a, ya jiƙan magabata.

Taku,
Hajja Gaji