Mangwaron Inna Ba Zai Faɗi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Labarin gidanmu na Tamawa na kawo miki. Yaya Lawal ya yanke hukuncin a sare mangwaron da kika dasa a tsakar gida. Laifinsa inuwa. Daminar bara Yaya ya dasa tumatir da attaruhu a gindinsa, suka miƙe sirara, ganye fal, 'ya'ya ko na ɗanɗano babu. Da yake itace ba ya iya kare kansa, shi aka ɗora wa laifin. Har an yi magana da mai injin yanka, wai bayan Sallah.

Na ce ban yarda ba, a gaban kowa. Yaya ya ce littattafai sun juya mini kai. Wataƙila, amma ba su kai ni ga yin fushi da itace ba.

Ina tuna inda kike ajiye butarki a gindin mangwaron, wurin da ruwan alwala ke kwanciya. Nan kika binne gwaza, na'a-na'a kuma ta bi gefen randa. Kikan ce, "Waɗannan masu kunya ne, ba sa son rana ta zuba musu ido." Tumatir kuwa bayan rumbu kike kai shi, inda rana ke gasa ƙasa.

Ranar Asabar na baro Dutsin-Ma da ɗanyar citta mai ido, wadda ta fara tsiro, a leda. Na biya Birchi wurin ƙanwarki Goggo Abu, ta tono mini gwaza, ta ce irin naki ne. Sai da na juya baya kafin in iya yi mata godiya.

Na dasa su duka a inuwar mangwaron, Inna. Na kewaye su da ƙaya saboda awaki, na mayar da buta mazauninta. Na shaida wa Yaya cewa ranar da mai injin zai zo, zai tarar da ni a gindin nan bisa tabarma, kuma da ni zai fara.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa ki a inuwar Al'arshinSa. Yaya kuma Allah Ya sanyaya zuciyarsa, domin ni dai ba zan tashi ba.

Ɗanki mai taurin kai,
Ado