Maganaɗisun Wuyan Mama

Yaya Asher,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Kafanchan, yaya 'yan makarantarka?

Anti Milka ta gaya mini abin da ka yi. Wai ka tashi a coci ranar godiya, ka ba da shaida cewa ƙanwarka tana warkar da ciwo da maganaɗisu a Turai. Ga shi yanzu Mama ta ciro maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo ta ɗaure a kan ƙullutun wuyanta, ta ƙi zuwa asibiti. Sannu, malamin kimiyya! Aikina ƙananan na'urori ne da ido ba ya gani, muna jan su da maganaɗisu cikin jijiya su kai magani inda ciwo yake. Har yau a jikin ɓera muke gwadawa. Ko ɗalibinka mafi daƙiƙanci zai gane wannan. Ka cire mata ƙarfen nan, ka kai ta wurin likita. Ina jin tsoro.

Ƙanwarka,
Joanna

Joanna,

Mun gode Allah, muna lafiya. Ina gaida ɓerayenki.

Ashe har kin iya faɗa daga nesa. In ba ke ba, wa ya zauna da Mama a Kirsimeti yana nuna mata bidiyo a waya, ana ta Turanci ana ɗaga hanci? Ni na yi ta fama da ita, na kawo fasto, na kawo Zumuntar Mata. Amsarta ɗaya ce: "Yarinya na ya yi karatu pas kowane dokta. Magani na shi ne zan sha." Matar da ta yi shekaru tana kankare citta a Kwoi don ki yi karatu, ni zan ce mata karatun ya ƙare a ɓera? Ga waya, ki gaya mata da bakinki, tunda ke ce mai ilimi.

Yayanki,
Asher

Yaya,

Ina gaisuwa. Na kira ta sau biyu. Tana ta sa mini albarka, na kasa gaya mata. Ka yi wani abu, don Allah.

Joanna

Joanna,

Gaisuwa. Na kai ta asibiti a Jos. Na'urar hoton da ake tura mutum ciki, ashe ita ma maganaɗisu ce, sai na ce mata ke kika aiko da babban. Da kanta ta kwance na sifikar, ta shiga tana waƙar yabo. Likita ya ce za a yi aiki ran Alhamis, bai yi alkawarin komai ba.

Idan kin kira, kada ki gyara mata, Farfesa.

Ki huta lafiya,
Asher